Inabi a garaken Damagaram: sanyin dare ne ke ba shi ɗanɗano

A ƴan shekarun nan labarin gonakin inabi na ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya a jihar Kadunan Najeriya, ya zagaya kafafen yaɗa labarai na Hausa. An ga rumfuna na ƙarfe da waya, nonnan inabi na reto a ƙarƙashin ganye, ƴan kasuwa na lodi a kwanduna. Mai garka a yankin da ya tashi daga Mirriya ya bi ta Hamdara ya nufi Gidimuni, wanda ya saba da salati da shu da tumatir da rake, ba zai rasa tambayar kansa ba: in Zage-zagi sun iya, mu me zai hana?

Tambayar na da nauyi, domin inabi ba salati ba ne da za a shuka a cire bayan kwana arba'in. Sai an kafa masa rumfa, an ba shi ruwa rani da bazara, an jira shekara biyu ko uku kafin a ga girbin kirki. Wanda ya zuba kuɗinsa ya sami ƴaƴa farare-farare marasa launi, ko masu zaƙi salam kamar ruwan sukari, ya yi asarar da ba ta mayuwa a damina guda. Itacen kansa yana rayuwa a ƙasa mai zafi, wannan ba a jayayya a kai. Abin da ke wahalar samu shi ne ɗanɗano da launi, su kuma suna hannun yanayin da ƴaƴan suka nuna a cikinsa, musamman sanyin dare.

Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan batu su ne manoman yankin Bourgogne na gabashin Faransa, kuma don giya suka yi. Musulunci ya haramta giya, babu kuma mai tunanin dasa inabi a Hamdara domin ta. Amma itacen ɗaya ne, wanda Alƙur'ani ya ambata a wurare da dama tare da dabino da zaitun da rumman, kuma abin da ɗaruruwan shekaru suka koya wa masu matsa shi yana amfanar mai sayar da shi a tire.

Pinot noir, inabi mai tsirfa

Jan inabin Bourgogne sunansa Pinot noir. Ƴaƴansa ƙanana ne, a cushe da juna, fatarsu siririya, yana saurin nuna, yana saurin ruɓa, rana mai ƙarfi tana ƙona shi. Tun a 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tumɓuke wani irin da ake kira Gamay, wanda ya fi yawan ƴaƴa, don a bar wa Pinot wuri. Ana noma shi a gefen wani tudu mai tsawon kusan kilomita 60 da ya miƙe daga birnin Dijon ya yi kudu ta garin Beaune, mafi yawan gonakin suna fuskantar gabas, suna samun hantsi, suna tsira daga zafin yamma. Ƙasar farar ƙasa ce mai duwatsu gauraye da laka, ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Masu ɗanɗana giyar da ake yi da shi suna siffanta ta da abubuwa uku. Launinta ja ne mai haske, kamar zoɓon da aka sirka, har ana hango yatsa ta bayan kofi. Tana da ɗan tsami mai wartsake baki. Ƙamshinta na jajayen ƴaƴan itatuwa ne irin na ƙasashen sanyi, in ta kwana biyu a kwalba kuma sai ya koma kamar ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Idan aka ɗauki wannan irin aka dasa a wuri mai zafi, sai abin ya sauya: sukari ya hau, tsami ya sauka, ƙamshin ya zama kamar na ƴaƴan itacen da aka dafa. Tunda sukari ne ke juyewa ya zama barasa, kusan giram 17 a kowace lita na ba da kashi 1 cikin 100, giyar ƙasar sanyi takan tsaya wajen kashi 12 zuwa 13, ta ƙasar zafi ta haura 14 ko 15.

Ƴan Bourgogne sun rarraba tudun nasu gona-gona, kowace da sunanta da iyakarta, suna kiran su climats. Guda 1,247 ne hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Tun zamanin limaman kiristan Cîteaux, waɗanda suka kafa gidansu a 1098, aka lura cewa gonar da ke tsakiyar gangare da wadda ke gindinsa, ko da taku ɗari ne tsakaninsu, ba sa ba da ɗanɗano iri ɗaya. Manomin Damagaram ba zai yi mamaki ba, shi da ya san bambancin jigawa da geza da fadama a fili guda. Abin da zai ba shi mamaki shi ne farashi. Gonar Romanée-Conti ba ta cika hekta 2 ba, amma a watan Oktoban 2018 an sayar da kwalba ɗaya tata ta shekarar 1945 a kan dalar Amurka 558,000 a wani gwanjo a birnin New York, sama da miliyan 300 na CFA ke nan. Rabin wannan kuɗi na suna ne da alfahari, kamar yadda ake sayen doki don sunan gidan da ya fito. Sauran kuwa na sanyi ne.

Tsamiya, zoɓo da bagaruwa

Abubuwan da ke cikin ƙwayar inabi duk sanannu ne a kicin ɗin Bahaushiya, sunayensu ne kawai na boko.

Tsamin inabi iri biyu ne. Na farko shi ne ainihin wanda ke cikin tsamiyar kunu, masana na kiransa asid tartarik, kuma zafi ba ya cika taɓa shi. Na biyu, asid malik, irin na ɗanyen tuffa ne, shi kuma ƙwayar inabi tana ƙona shi a matsayin abinci yayin da take numfashi. Gwargwadon zafi, gwargwadon saurin ƙonawa. Da rana ganye na haɗa sukari yana turawa cikin ƴaƴa. Da dare aikin haɗa sukari ya tsaya amma numfashi bai tsaya ba, saboda haka dare mai zafi na cinye tsamin, dare mai sanyi na adana shi. Inabin da ya nuna a sanyi yakan zo da zaƙi da ɗan tsami a haɗe, abin da ke sa mutum ya ci ɗaya ya miƙa hannu ga na biyu. Wanda ya nuna a zafi zaƙi ne zalla, ana cin biyar sai ya gundure.

Launi ma haka. Abin da ke rina zoɓo ja, danginsa ne ke rina fatar inabi, kuma itacen yana fara haɗa shi ne a lokacin da ƴaƴan suka soma laushi, lokacin da Faransawa ke kira véraison. Haɗuwar tasa tana tafiya daidai idan dare na tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Celsius. In zafi ya wuce 30 ta ragu, wajen 35 kuwa har wanda aka riga aka tara yana lalacewa. Shi ya sa jan inabi a ƙasa mai zafi yakan fito kore-kore da ɗan ja a gefe guda, kamar mangwaron da bai yanke shawara ba. Mai saye kuma da ido yake fara ci.

Na uku shi ne bauri, wannan da ke kama harshe in an tauna goro ko ɗanyen magarya. Majeman birnin Damagaram sun san shi fiye da kowa, don shi ne ke cikin bagaruwar da suke jeme fata da ita. A inabi yana cikin fata da ƙwallo. Masu giya suna neman sa daidai gwargwado, kuma siririyar fatar Pinot ce ta sa giyarsa ba ta da bauri sosai. Mai cin inabi ɗanye ba ya son sa, abin da ya sa kasuwar duniya ta karkata ga nau'o'in da ba su da ƙwallo.

Akwai kuma iyakar da ganyen kansa ke da ita. Ya fi aiki tsakanin digiri 25 zuwa 30. In aka haura 35 sai ya rufe ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere, aikin sukari ya ja baya. A ranar bazara ta Damagaram, wadda ma'auni ke kai 40 ko 41 a watannin Afrilu da Mayu, itacen inabi yana tsaye ne kawai yana jiran magariba.

Dijon da Damagaram

Dijon na kan layi na 47 arewa da tsakiyar duniya, birnin Damagaram bai kai na 14 ba, kuma galibin gonakin giyar inabi na duniya suna tsakanin layi na 30 da na 50. Matsakaicin zafin shekara a Dijon kusan digiri 11 ne, a Damagaram kusan 28. Watan da ya fi kowane zafi a Dijon, Yuli, matsakaicinsa wajen 21 ne, wato bai kai na Janairun Damagaram ba, watan da ake hura wuta a tsakar gida ana rufe jarirai da bargo. Pinot noir na son lokacin girmansa, daga Afrilu zuwa Oktoba, ya tsaya wajen 14 zuwa 16. Wannan irin dai ba na nan ba ne, duk wanda ya zo da dashensa yana tallar sunan Faransa a bar shi da kayansa.

Sai dai akwai wata ƴar taga. A watan Satumba, lokacin da inabin Bourgogne ke ƙarasa nuna, dare a can na sauka wajen digiri 11, rana ta hau wajen 22. A Damagaram, daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu, dare na sauka wajen 14 ko 15, rana ta tsaya wajen 30, iska a bushe, babu ruwan sama ko ɗigo. Ba daidai suke ba, amma sun yi kusa yadda nau'o'in inabin ci masu jure zafi za su sami sanyin daren da suke bukata. Bushewar hunturu ma riba ce, domin cututtukan funfuna da ke addabar manoman Turai, waɗanda suka sa aka ƙirƙiro maganin feshi na jan ƙarfe da farar ƙasa a yankin Bordeaux wajen 1885, laima suke so. Tagar ba ta wuce mako goma zuwa goma sha biyu ba. Daga Maris ta rufe.

Su kansu ƴan Bourgogne sanyin nasu na zame musu. A garin Beaune an ajiye tarihin ranakun fara girbi tun daga 1354, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa yanzu ana fara girbi kwana 13 kafin lokacin da aka saba a ƙarni shidan da suka gabata. A 2003, shekarar da zafi ya kashe dubban mutane a Faransa, a watan Agusta aka yi girbi. Sannan ɗumin ƙarshen hunturu na sa itace ya yi toho da wuri, sai jaura ta dawo ta ƙone shi, kamar yadda ya faru a Afrilun 2021, lokacin da manoma suka kwana suna kunna kyandir a tsakanin layukan gona.

Aski, wato yadda ake yaudarar itace

A ƙasar sanyi itacen inabi yana da kalandarsa. Yana zubar da ganye da kaka, ya yi barci cikin ƙanƙara, ya farka da kansa idan gari ya fara ɗumi, kuma Faransawa na ƙirga kusan kwana 100 daga fure zuwa girbi. A ƙasa mai zafi ba ya barci. Ganye na nan kore duk shekara, wani reshe na fure, wani na ƴaƴa, wani na zaune, amfanin ya fito kaɗan-kaɗan ba tsari. Manomi ne zai zama masa hunturu, da almakashi.

Indiya ce ta fi nuna yadda ake yi. A yankin Nashik na jihar Maharashtra, wanda ke kan layi na 20 kuma bazararsa na kai digiri 40, ana yi wa itacen aski sau biyu a shekara. Na farko a watan Afrilu, bayan girbi: a datse rassa har kusa da gindinsu don sababbi su fito su ƙosa cikin damina, ba tare da an bar su sun yi ƴaƴa ba. Na biyu a watan Oktoba: a cire ganye, a rage tsawon rassan, a shafa wa idanunsu wani magani mai tayar da toho, a saki ruwa. Duk gonar ta farka rana ɗaya, ta yi fure tare, ta nuna tare, a yi girbi daga Fabrairu zuwa Afrilu. Da wannan dabara Indiya ke sayar da inabi har Turai. Maganin, wanda ake kira hydrogen cyanamide, guba ne mai ƙona fata, ba a taɓa shi sai da safar hannu da abin rufe fuska. A kwarin kogin São Francisco na Brazil da yankin Dodoma na Tanzaniya har girbi biyu ake yi a shekara.

Daga askin ƴaƴa zuwa girbi ana ɗaukar wata huɗu zuwa biyar, gwargwadon iri da yanayi. Lissafin mai garka a Hamdara ke nan. In ya yi aski a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, da ɗaukewar ruwa, ƴaƴansa za su fara laushi a Disamba, su nuna a Janairu zuwa Fabrairu, a tsakiyar tagar. In ya shagala da girbin gero da wake, wanda shi ma a wannan lokacin yake, ya bari sai Disamba, nunar za ta faɗa Afrilu. Itace ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, amma na farko zai kai kasuwa da inabi, na biyu da ƴaƴan da rana ta ƙona. Manoman Kudan ma a watannin sanyi suke girbinsu, ga shi kuma ƙasarsu ta fi ta Damagaram tudu, ruwansu na shekara kuma ya ninka na nan fiye da sau biyu, wajen milimita 1,000 a kan wajen 400.

Cikin Nijar akwai inda Allah ya hutar da manomi daga rabin wannan wahala. A tsaunukan Abzin na jihar Agadas, garin Timiya ya yi suna da lemu da rumman da inabi, kuma dalilin tudu ne: kowace mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 0.6. Damagaram na kan mita 450 ko kusa da haka, ƙololuwar Bagazam na kan 2,022. Haka kamfanin Castel na Faransa ya zaɓi Ziway a Habasha, a kan tudun mita 1,600, ya kafa gonarsa. Hamdara ba ta da dutsen da za ta hau, sai kalanda.

Ƙasa da ruwa su ma suna da tasu magana. Saiwar inabi ba ta son zama cikin ruwa, don haka gindin kwari inda rake ke jin daɗi bai dace da shi ba, gefen kwarin mai rairayi da ɗan laka ya fi. Kanwa, wadda ke fitowa fari-fat a bakin tafkuna da dama na gabashin jihar, tana ƙone gefen ganyensa tana rage amfani. Manoman Indiya suna magance wannan ta hanyar aura irin da suke so a kan gindin wani mai juriya da ake kira Dogridge, kamar yadda ake auren mangwaro. Ya kamata a gwada ruwan rijiya kafin a sayi ƙarfe ko ɗaya. Gara na cin gindin dashe, tsuntsaye kuma ba sa barin nono mai zaƙi a lokacin da daji ya bushe, sai an rufe da raga. Idan ƴaƴa suka fara nuna ana rage ruwa kaɗan don sukari ya taru, ambaliya a wannan lokaci na fasa su. Sannan inabi ba ya ƙarasa nuna bayan an tsinke shi, ba kamar ayaba ko mangwaro da ake rufewa a buhu ba. Yadda aka yanke shi haka zai isa bakin mai saye.

Game da iri, hanya mafi sauƙi ita ce a fara da koren inabi irin su Thompson Seedless, wanda Indiya ta dogara da shi, tunda ba a neman ja a jikinsa, kuma abin da bai sayu ba ana shanya shi ya zama zabibi. Jajaye irin su Flame Seedless da Crimson Seedless an san su da ƙin yin launi a zafi. Wane ne cikinsu zai karɓi ƙasar Mirriya, wane zai ƙi, wannan aikin gwaji ne, kuma ya fi dacewa cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'ar André Salifou ta Damagaram su ɗauke shi a ƴan kadadu kaɗan, maimakon kowane mai garka ya gwada da kuɗin aurar da ƴarsa. Wanda ya ƙagu ya fara da gindi goma ko ashirin a gefen garka, ya rubuta ranar aski da ranar girbi na shekara biyu, kafin ya faɗaɗa.

Kasuwa kuwa tana da wani abin lura. Inabin Maroko da Aljeriya da Masar da damina yake nuna, na Afirka ta Kudu da na Kudan su ne ke fitowa a watannin da na Damagaram zai fito, kuma dukansu sai sun sha hanya kafin su iso kasuwar Dole. Watan azumi, lokacin da aka fi sayen kayan marmari, yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma daga 2027 zuwa 2030 zai riƙa faɗowa tsakanin farkon Janairu da farkon Maris. Dashen da aka sa a ƙasa a 2026 zai ba da girbinsa na kirki a farkon 2028 ko 2029, shekarun da ake sa ran ganin watan Ramadan wajen 28 da kuma 16 ga Janairu.